Ranar da Na Mayar da D Ta Zama K

Ko da tsufa zai share mini komai, ba zai share abin da ya same ni a kasuwar shanu ta Dutsin-Ma ba.

Ni dillalin shanu ne, kuma kowa ya san zamanin da muke ciki: a kama ka da san sata, to sunanka ya mutu, wani lokacin har da kai. Shi ya sa duk san da na saya sai na ɗauke shi hoto tare da mai sayarwa da shaida, in zuba a wata manhaja cikin kwamfutata. Ma'ajiyar hotunan harafinta D ne. Wata safiya wayona ya motsa, na ce tunda yawancin shanun daga Kurfi suke, bari in mayar da ita K. Na canza, na rufe, har ina yaba wa kaina.

Bayan kwana uku wani dattijo makiyayi ya riƙe igiyar wani jan bijimina, ya ce nasa ne da aka kore. Kafin in yi magana mutane sun kewaye ni, wasu da sanduna.

Na ce, "Baffa, kwantar da hankalinka, ina da hoto."

Na buɗe manhajar. Babu hoto ko ɗaya, sai akwatuna farare a jere. Wani daga baya ya ce, "Alhaji, hoton ma an kore shi ne?" Ba wanda ya yi dariya.

Nan take na kira ƙanwata a waya, malamar kwamfuta ce a sakandare.

Ta ce, "Yaya, me ka taɓa?"

"Harafi ɗaya tak."

"Manhajar D take nema, kai kuma ka tashe su daga gidan. Mayar da shi yadda yake, kada ka danna wani abu daban."

Na mayar. Hotuna suka fara fitowa, har ga jan bijimin. Dattijon ya ƙura wa mai sayarwar da ke cikin hoton ido, ya daɗe. Sannan ya saki igiyar, ya ce a hankali, "Wannan ai ƙanena ne."

Tun daga ranar na gane kwamfuta ba ta san abu da kamanninsa ba, da adireshinsa ta san shi. Kuma duk abin da na tarar yana aiki, ba na ƙawata shi sai na tambayi wanda ya sani.