Waƙar da Tiurma Ta Yi wa Mahaifiyarta

Tiurma Simarmata ta yi shekara goma sha ɗaya tana jagorantar mawaƙan cocin ƙauyensu a bakin tafkin Toba. Da safe tana sayar da busasshen kifi a kasuwar Balige, da yamma ta ɗauki gitarta. Waƙoƙi talatin da bakwai ta tsara a shekarun nan. Talatin da shida kowa ya yi na'am da su. Ta ƙarshen ce ta raba ta da kujerarta.

Mahaifiyarta na cikin tsofaffin da suka iya andung, waƙar kukan da mace ke rerawa a kan gawa tana lissafa rayuwar mamaci. Dattawan coci kuwa sun daɗe suna kiranta al'adar arna. Da zarar mace ta ɗaga murya, sai dattijo ya kira lambar wata waƙa daga littafi, jama'a su ɗauka su danne ta. A gefen turmin shinkafa tsohuwar ta koya wa Tiurma, ƙasa-ƙasa. Da ciwo ya kwantar da ita, ta kama hannun 'yarta ta ce, "Kada ki bari a sallame ni da lamba."

Da tsohuwar ta rasu, sai Tiurma ta ɗauki karin andung ta zuba masa baitoci. Ta sa sunan mahaifiyarta, da gonar da ta noma ita kaɗai, da Yesu da ya zubar da hawaye a bakin kabarin abokinsa.

Labari ya kai kunnen Parulian, ƙanin marigayiyar, wanda shi ne babban dattijon cocin. Da safiyar jana'iza ya ja Tiurma gefe.

"Tiurma, na ji kin haɗa mana wani kwaɗo."

"Waƙa ce, Kawu."

"Kuka ne irin na mutanen da ba su da begen tashi. In kika buɗe baki, kin bar gaban mawaƙa. Da hannuna zan sa hannu a takardar sauke ki."

"To, Kawu, Yesu da ya yi kuka, lamba nawa aka kira masa?"

"Bakinki ya fi kifinki gishiri," in ji shi, ya juya.

Bayan azahar, da aka zagaye akwatin gawa a tsakar gida, Tiurma ta durƙusa ta fara. Ba ta gama baitin farko ba Kawu Parulian ya buɗe littafi ya kira lamba. Maza suka ɗauka da ƙarfi. Ba ta ɗago ba, ba ta kuma sassauta ba. Tasu waƙar baiti huɗu ce, tata tara. Suka gama, tana kan na biyar. Ya sake kiran wata lamba. Wannan karon matan da ita ta horar suka rufe littattafansu, ɗaya bayan ɗaya, suka riƙe mata amshi. Muryoyin maza suka yi ta raguwa har ya rage Kawu shi kaɗai, daga baya shi ma ya yi shiru, littafin a buɗe a hannunsa.

Ran Lahadi ta biyu aka karanta hukunci: an sauke ta, sai ranar da ta rubuta takardar neman gafara. Ta miƙa makullin ɗakin kayan kiɗa.

Wata huɗu bayan haka ta hau mota zuwa birnin Medan, ta ɗauki waƙar a wani ɗan ƙaramin ɗakin naɗar sauti. Yanzu direbobin hanyar tafki na sa waƙar a mota, kuma an gayyaci Tiurma gidan makoki a ƙauyuka goma sha tara. A cocinsu kuwa har yau benci na baya take zama, shekara shida ke nan.

Kowace Juma'a Kawu Parulian yana zuwa rumfarta sayen kifi, kuma tambayarsa ɗaya ce.

"Takardar fa, 'yar yayata?"

Makon jiya tana ƙulle masa kifin a takarda ta ce, "Na rubuta, Kawu. Baiti tara ce, da amshi. Taka ce, na ajiye maka sai ranar jana'izarka."

Ya karɓi ƙunshin, ya daɗe yana jujjuya shi.

"Ki sa cewa ni na gina makarantar ƙauye," in ji shi. "Mutanen nan sun iya mantuwa."