Uwar Kwaɗi Ta Ajiye Aiki

Shekara ashirin da bakwai, kullum kafin ƙarfe bakwai na safe ta buɗe ɗakin gwaje-gwajen cibiyar binciken noma. Takan rataye mayafinta bayan ƙofa, ta bi robobin ruwa ɗaya bayan ɗaya tana leƙa 'ya'yan kwaɗin da ke ciki, waɗanda ba su fitar da ƙafa ba, sai kai da wutsiya. Ta sauya musu ruwa, ta marmasa musu dafaffen ganye, ta rubuta wanda ya girma da wanda ya mutu. Ba dokta ba ce, mataimakiya ce mai wanke kwalabe. Abokan aiki suka laƙaba mata Uwar Kwaɗi don tsokana, ita kuwa ta amsa abinta. Mijinta yakan ce yana da 'ya'yan riƙo fiye da dubu, amma ba wanda ya taɓa zuwa gaishe shi.

Wata damina ta lura waɗanda aka zuba wa ruwan rafin da ke ƙasan lambunan tumatir ba su da lafiya. Wutsiya a karkace, ciki a kumbure, sai zagaye suke yi wuri ɗaya. Sa'o'insu duk sun fitar da ƙafafu, su shiru. Ta kai wa shugaban sashe rahoto, ya ce wataƙila ba ta ɗauraye robobin da kyau ba. Maganar ta yi mata ciwo har ta kasa cin abincin rana, amma ba ta ja da shi ba. Ta sake gwajin sau uku da sababbin robobi, duk abin ya fito iri ɗaya. Da aka auna ruwan, sai ga maganin fumfuna da manoma ke fesa wa tumatir don kada ganye ya ruɓe.

Lambu mafi girma kuwa na yayanta ne, wanda ya riƙe ta bayan rasuwar mahaifinsu, ya sa ta makaranta. A rafin yake wanke tankin feshinsa. Ta ɗauki kwalabe biyu, ɗaya da masu lafiya, ɗaya da nakasassu, ta same shi a lambu. Ya ɓata rai, ya tambaye ta ko so take tumatirinsa ya lalace saboda kwaɗo.

Ta ce, "Yaya, ban ce ka daina feshi ba. Dubi wannan, ka dubi wancan. Ruwan da jikokinka ke wanka ciki ke nan."

Wata biyu yana amsa gaisuwarta ciki-ciki. Ran nan ta je ta tarar ya haƙa rami nesa da rafi don ruwan wankin tanki, ya kuma bar ciyawa tsakanin shuka da gaɓa. Ya ce mata, "Kada ki ɗauka don kwaɗinki na yi." Maƙwabtansa suka bi sahu, wasu sai da ta yi ta zarya. Bayan damina uku, yawancin 'ya'yan kwaɗin rafin suka koma fitar da ƙafafu a kan lokaci. Da aka buga rahoton binciken, sunanta bai fito a bangonsa ba.

A wannan watan ta ajiye aiki. Uwar Kwaɗi, ke ce kika duba da kyau lokacin da kowa ke sauri, kika faɗa wa wanda ya rene ki gaskiya ba tare da kin zubar masa da girma ba. Mun gode, Allah ya ba ki hutu da lafiya. Mu kuma da muka rage a bakin aiki, in mun ga abu ya karkace, komai ƙanƙantarsa, mu tsaya mu duba, mu kuma faɗa.