Irin da Bai Nuna Ba

A ƙauyenmu na yankin Gangara, da can ba a sayar da irin hatsi a sussuke. A zangarniyarsa ake kawo shi kasuwa, mai saye ya juya ta a hannu, ya ga gajarta ce mai cika, ya san irin ƙasarmu Damargu ne. Daminarmu gajeriya ce, hatsin da bai yi sauri ba ba ya nuna a wurinmu.

Shekarar da zan ba da labarinta ta biyo bayan fari. Kafin bazara ta ƙare, gidaje da yawa sun sauke damen irin da suka rataye a rumbu sun daka sun ci. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana cikinsu. Gonarsa ce ke ciyar da gidan, har da tsohuwa kakata.

Ana cikin haka wani Alhaji ɗan kasuwa ya sauke kamyo, babbar motar kaya, a kasuwarmu. Ɗan garin ne, tare suka yi kiwon awaki da kawu kafin ya koma Damagaram ya yi arziki. Ya kawo iri a sussuke, cikin buhuna masu kyau, an shafa masa jan magani. Ina gida hutu lokacin, na raka kawu rumfarsa.

"Alhaji, ina zangarniyar?" in ji kawu.

"Kai har yanzu kana zamanin zangarniya? Wannan irin zamani ne, baƙauye. Kafin ka gama wasa hauyarka ya fid da kai."

"Baƙauyen da ya goya ka ranar da ƙaya ta soke ka?"

Suka yi dariya. Kawu ya sayar da tunkiya ya auna tiya-tiya. Kusan kowa a ƙauyen ya auna.

Da na dawo tsakiyar damina ban taɓa ganin gonakinmu haka ba. Hatsi ya yi kore shar, karansa ya wuce mutum a kan raƙumi. Mutane suna tsayawa a hanya suna kallo. Kawu kaɗai bai yi murna ba. Yana bin kunya yana matsa wuyan kara ko zai ji ciki, ba ya jin komai. A gonar wani maƙwabci da ya tsira da ɗan tsohon irinsa, gajeren hatsi har ya yi bununi.

Ruwa ya ɗauke a lokacin da ya saba ɗaukewa. Hatsin Alhaji ya fid da kai bayan ƙasa ta bushe, zangarniya doguwa, ba ƙwaya. Daga baya direban kamyon ya faɗi a bakin tasha cewa hatsin ci ne daga kudu, inda damina ke daɗewa. A sito aka zuba masa jan gari.

Da kaka Alhaji ya dawo, wannan karon da hatsin ci na sayarwa. Kawu ya ɗauki zangarniya ɗaya ya je ya aje masa a kan buhu.

"Ga naka, Alhaji."

Alhaji ya murza ta, ƙaiƙayi ya zube. "Allah ya mayar da alheri. Ruwa ne ya yanke, ɗan'uwa. Ni nake riƙe da sama?"

"Na maƙwabcina ya nuna. Sama ɗaya ce."

"To ka kai ƙara. Amma kafin a kira mu, me yara za su ci?"

Kawu ya waiwaya. Mutane na tsaye a bayansa riƙe da buhunan wofi. Ba wani mai hatsi a kasuwar sai Alhaji. Wani dattijo ma ya ja rigar kawu, ya ce ya yi haƙuri kada Alhaji ya yi fushi ya juya mota.

Karan gonar kuwa, kawu ya sayar wa makiyaya masu gangarowa daga Tenhya. Sun yaba da shi, sun ce ba su taɓa samun kara mai kauri haka ba. Da azumi Alhaji ya raba shinkafa a ƙofar masallaci, aka yi ta sa masa albarka a lasifika. Matar kawu ta shiga layi ta karɓo. An dafa, kawu ya ci.

Abin da ya fi damunsa iri ne. Ya je wurin maƙwabcin nan, ya tarar ɗan abin da ya samu dangi sun cinye kafin sanyi ya fita. Ya bi ƙauyuka har wajen Belbeji yana neman zangarniyar Damargu, inda ya samu kaɗan an ce ba ta sayarwa ba ce.

Da hadari ya fara haɗuwa kamyon ya sake zuwa. Buhunan sun canza launi, maganin yanzu kore ne. Kawu ya daɗe tsaye a bakin rumfar, ya ɗebi ƙwayar a tafin hannu yana kallo, ko da yake ya san ba abin da ƙwaya sussukakkiya za ta gaya masa.

"Wannan karon na gaske ne," in ji Alhaji.

Kawu ya buɗe bakin buhunsa ya ce, "Auna."