Wadda Aka Ƙwace wa Taɓarya

Sau biyu ina faɗuwa kwas ɗin da ke koyar da yadda manhaja take raba wa ayyuka lokaci da wuri a cikin kwamfuta. In na faɗi na uku, jami'a za ta sallame ni. Ranar jarrabawar, tsoro ya cika ni. Tambaya mafi maki ta ce a bayyana abin da ke sa kwamfuta ta cije, da yadda ake kwance ta. Duk haddar da na yi ta gudu, sai kakata ce ta faɗo mini a rai.

Ina yarinya a ƙauyen Garki, shekarun da ake ta gine-ginen sabon babban birni don dawo da gwamnati daga Legas, Kaka takan tara mu da an ci tuwo, tana gasa doya a bakin wuta tana ba mu tatsuniya. Wata rana ta ba mu ta Ladi da Talatu, maƙwabta biyu a garin da turmi ɗaya ne, taɓarya ma ɗaya. Ladi ta riga ɗaukar turmi, Talatu ta riga ɗaukar taɓarya. Kowacce ta zauna a kan nata tana jiran ɗayar ta saki. Kwana uku ba a yi daka ba, yara suna ta kukan yunwa.

"To sai aka yi yaya, Kaka?"

"Sai mai gari ya zo ya fizge taɓarya daga hannun Talatu."

"Me ya sa ita?"

"Ladi tana da 'yan'uwa maza bakwai. Talatu ba ta da kowa." Ta juya doyarta, ba ta ƙara komai ba.

Abin da na rubuta ke nan, da kalmomin littafi: aiki biyu, kowanne ya riƙe abin da ɗayan yake jira, sai manhaja ta zaɓi wanda asararsa ta fi sauƙi ta ƙwace nasa. Na ci jarrabawar da kyar.

Amma a ɗakin jarrabawar nan na gane abin da ya sa Kaka ta yi shiru, har hawayena ya ɗiga a takarda. Bayan tatsuniyar da wata biyu aka shafa wa gidanmu jan fenti, alamar rusau, aka ce titi zai bi ta nan. Kaka ta ɗora kayanta a kafaɗa ta bi mu, ba ta tambayi kowa dalili ba. Ta riga ta san yadda ake zaɓa.