Mutumin da Ya Ce In Koma Gida In Ɗauko Caja

Ƙarfe takwas da rabi na safe yake buɗe shagonsa, na huɗu a layin masu gyara, matse tsakanin mai sayar da kwanson waya da mai buga takardu. Ba ya taɓa kwamfutar kowa sai ya share tebur, ya shimfiɗa tsohon tawul ɗinsa shuɗi, ya jera sukurudirebobi daga ƙarami zuwa babba, ya goge tabarau da bakin riga. Ko mutum goma ne suka riga shi zuwa, kowa rungume da tasa, sai sun jira ya gama. In ka ce kana sauri, zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "Tukuna dai." Shi ya sa duk layin ake kiransa Baba Tukuna.

Shekara ashirin da shida yana wannan aiki. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon, don idanunsa sun daina ganin ƙananan notuna. Haushi ne ya sa na zauna rubuta wannan, domin na bi ta layin ranar Talata na ga kowa yana harkarsa kamar ba abin da zai faru.

Gara in faɗi gaskiya tun da wuri: ranar da na fara zuwa wurinsa, saura kaɗan in ɗauki jakata in fice ina zage-zage.

Ni malamar makaranta ce, na koma ƙaro karatu da girmana. Shekara biyu ina haɗa kundin bincike tsakanin koyarwa da girki da wankin yara. Aka kafa mana ranar miƙawa, wata Litinin, aka ce wanda ya makara sai baɗi. Saura mako uku tsohuwar kwamfutata ta mutu murus. Allah ya taimake ni aikin yana cikin filash. Maigidana ya tausaya ya sayo mini sabuwar kwamfutar cinya, dal a kwalinta, har da leda a jikin allo.

Kwana biyu da fara aiki, ɗan wurin nan da ake shafawa da yatsa a gaban madannai ya haukace. Kibiyar da ke kan allo ta daina jin magana. Ina tsakiyar jimla a babi na huɗu, in ɗaga kai in tarar rabin jimlar ta faɗa cikin babi na biyu. Wani lokaci ta ja layi ta baƙanta sakin layi guda, ni kuwa ban gani ba, in danna harafi ɗaya duk ya tafi. Na ɗauke hannuna gaba ɗaya na rungume, ina kallonta tana rawa ita kaɗai daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Sau uku ina komawa shagon da aka sayo ta. Kullum sai in cika ta da wuta tukuna, in sa a jaka in tafi. Da an buɗe ta a kan kantarsu sai ta natsu, kibiya tana bin yatsa tiryan-tiryan. Mai shagon ya shafa hagu, ya shafa dama, ya juyo mini da ita.

"Hajiya, ga ta nan lafiya lau. Anya ba hannunki ba ne?"

Hannuna! Hannun da ya shekara goma yana buga jarrabawar ɗalibai. A gida ma ban tsira ba. Maigidan ya zare ta daga wuta ya kai falo ya gwada, ta yi masa ladabi, ya dawo yana murmushi. "Ke ma kin cika garaje wani lokaci. Ki riƙa bi a hankali mana." Ƙanina, wanda ya san komai a duniya, ya ce ƙwayar cuta ce, ya loda mata manhajoji uku, ba abin da ya ƙaru sai nauyi. Na sayo linzamin kwamfuta, wato maus, na jona, sai abin ya zama kamar direba biyu a mota ɗaya, ina ja nan tana ja can. Wani mai gyara bai ko buɗe murfin ba ya ce a wanke ta tas a sake zuba komai. Wani ya ce a farke ta a canja wurin shafawar, garanti kuwa ya bi ruwa. Abin da ya fi ci mini rai ba lalacewar ba ce. Ba wanda ya yarda da ni, har na fara tuhumar kaina.

Ranar Alhamis, saura kwana huɗu, na je wurin mai buga takardu in tambayi yadda za a yi mini bangon kundin da ban ma gama ba. Ta ga idona ya yi ja, ta ji labari, ta nuna ƙofar da ke kusa da tata. "Shiga wurin Baba. Amma ki ajiye saurinki a waje, ba ya shiga da shi."

Na shiga na zazzage masa komai ba numfashi. Na tura masa kwamfutar. Ya turo mini ita, ya jawo kujera.

"Zauna, Malama. Yi aikin da kike yi a gida, in gani."

"Baba, ba aiki na zo yi ba, gyara na kawo."

"Tukuna dai."

Na zauna ina bugawa, yana tsaye a bayana hannu a baya. Minti ashirin cur, munafukar ba ta yi ko gezau ba. Na ji hawaye yana taruwa, na san abin da zai biyo baya, wani zai sake ce mini hannuna ne. Amma bai ce ba. Sai ya shiga tambaya. A ina nake zama? Teburin katako ne ko na ƙarfe? Ina sa awarwaro in ina aiki? Hannuna yana jiƙe in na fito daga kicin? Na riƙa amsawa ina cije baki, ina duban agogon bango.

"Da kin kunna take farawa?"

"A'a. Sai na yi kamar awa biyu."

"In kin yi awa biyu, me kike yi?"

"Me kuwa zan yi, Baba? Batir ya yi ƙasa, sai in jona ta a wuta."

Ya cire tabarau. "Ina cajar?"

Cajar tana gida. Soket ɗin ɗakinmu yana bayan kabad, sai an ture kabad ɗin ake kai hannu, don haka tun ranar farko da na soka ta ban ƙara zare ta ba, bakin wayar kawai nake jawowa kan tebur. Duk yawon da na yi da kwamfutar nan, ban taɓa fita da cajarta ba.

"Je ki ɗauko."

Na dubi rana a waje, na tuna mota biyu zan hau zuwa, biyu dawowa. "Haba Baba! Ga caja nan birjik a rataye a shagonka."

"Nawa ba su yi miki laifi ba," in ji shi. "Wadda kike zama da ita nake son gani."

Na tafi ina ƙunƙuni tun daga bakin layi har gida. Na ture kabad ni kaɗai, har na karya farce. Na dawo bayan la'asar jiƙe da gumi, na dangwarar masa da ita a kan tawul. Ya jona. Ko minti ɗaya ba a yi ba kibiya ta zabura ta kama tsalle. Ya zare, ta tsaya cak. Ya sake jonawa, ta sake haukacewa. Sau huɗu ya yi, a na huɗun na fashe da kuka a gaban mutane, ban ko ji kunya ba.

Ya ɗaga cajar yana auna nauyinta a tafin hannu. "Wannan ba 'yar gidansu ba ce, jabu ce. Wutar da take bayarwa ba tsabtatacciya ba ce, ita ke ruɗa wurin shafawar. Kwamfutarki lafiyarta ƙalau, hannunki ma haka." Na ce wallahi wanda ya sayar mana da ita ɓarawo ne. Ya ce bai ga lokacin da aka musanya ba, don haka ba zai ɗora wa kowa ba. Ya ara mini caja mai kyau, ya ce in gama aikina tukuna, sannan in kai musu tasu in jona a gaban idonsu. Ko notu ɗaya bai kwance ba.

Juma'a, Asabar da Lahadi na yi ina tsince jimlolin da suka ɓata cikin babin da ba nasu ba. Litinin, saura minti ashirin a rufe ofis, na miƙa. Mai shagon da aka sayo ta kuwa, da na jona cajar tasu a kan kantarsa, ya yi ta sosa ƙeya, ya shiga ciki ya fito da ta ainihi.

Daga baya mai buga takardu ta ce mini ai nawa ba komai ba ne. A gabanta wata ma'aikaciyar jinya ta kawo sabuwa da ke ɗaukewa kowane rabin awa, an riga an ce mata injin ya ƙone. Baba ya sa ta nuna yadda take zama da ita, sai ga shi a kan filo take ɗorawa, fanka ba ta samun iska. Wani tela ya zo yana rantsuwa wurin shafawarsa ya mutu, ashe gwiwar hannunsa ce ta danne maɓallin da ke kashe shi. Baba ya danna, ya ce ya gaida gida. Maƙwabtansa na layin suna yi masa tsiya, wai a lokacin da yake tambayar mutum ɗaya, sun sallami biyar. Ba sa faɗin cewa uku daga cikin biyar ɗin a shagonsa suke ƙarewa.

Baba, kai ne wanda ba ya ɗaukar sukurudireba sai ya gama saurare. Kai ne ka ɗauka cewa matar da ta ce abu yana faruwa, to yana faruwa, saura a gano yaushe. Ka ba ni haushi, ka sa na hau mota huɗu cikin rana, kuma da ka ji tausayina ka jona taka cajar a ranar, da na koma gida da ciwona.

Ga abin da ya fi ba ni haushi duka, kuma da kaina nake. A shafin godiya na kundin na gode wa malamin da ya duba aikin. Na gode wa maigida, mai cewa na cika garaje. Har ƙanina mai manhajoji uku ya samu layi. Baba bai samu ba. Na manta shaf.

Ranar Talatar nan na kai masa kundin ya gani. Na tarar yana zuba kayan aiki a kwali. Ya karɓa, ya kai shi dab da fuska, ya buɗe, kuma shafin godiyar ne ya fara buɗowa. Ya karanta har ƙasa ina tsaye ina jin kamar in nutse. Ya rufe ya miƙo mini.

"Babi na huɗu ya zauna a wurinsa?"

"Ya zauna, Baba."

"To madalla."

Na ce, "Da gaske rufewa za ka yi?" Na tsaya ina jiran ya dube ni ta saman tabarau ya faɗi kalmarsa. Sai ya ninke shuɗin tawul ɗin gida huɗu, ya sa a kwali, ya ce, "Da gaske."

Ku da za ku ci gaba da zama a layin, da duk mai sana'ar da ake kawo wa abu a ce ya lalace, don Allah ku jawo wa mutum kujera kafin ku jawo akwatin kayan aiki. Ku tambaye shi yadda yake zama da abin, ku ji amsar har ƙarshe. Ba a makaranta ake koyon wannan ba, kuma mai koyar da shi kyauta saura masa kwana tara.

Na gode, Baba. Allah ya ƙara wa idanun nan haske, ya ba ka hutu mai daɗi. Wannan shi ne shafin da ya kamata ka tarar ranar Talata.