Ragowar Gas

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, wasu ko shekararsu ba zan iya tunawa ba, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo Idi bakin ruwa a kan amalanke ba. Tunda kun ce in ba ku labarin jirgi, ku da kuka shigo sashen ayyuka bayan an daina maganarsa, to wannan ne labarin da nake da shi. Ina gaya muku tun yanzu, ba mai daɗi ba ne.

A lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a ƙaramar hukumarmu. A takarda direba ne ni, a aikace kuwa ni ne direba, ni ne makanike, ni ne mai kwarfe ruwa. An tura ni wani ƙauye da ke bayan madatsar ruwa, Kwarin Ɗinya, in riƙa tuƙa wani jirgin ƙarfe da wani shirin gwamnati ya bari ya tafi. Ƙauyen manoma ne, gona na jingine da gona, da wuya ka ajiye ƙafa ba ka taka shukar wani ba. Kasuwa da asibiti da titin Kano duk suna tsallaken ruwa. Da rani ana zagayawa ta hanyar ƙasa a babur. Da damina rafi yakan cinye hanyar, sai dai jirgi, ko kwalekwalen masunta ga mai ƙarfin hali.

Injin jirgin na dizal ne, wanda muke kira gas. Ga wanda bai san irinsa ba, bari in ɗan yi bayani. Mai yana fitowa daga tanki ta tiyo, ya bi ta filta, ya shiga famfon da ke tura shi da ƙarfi zuwa nozul, su kuma su fesa shi cikin injin. Dole wannan hanya ta kasance cike da mai tun daga farkonta har ƙarshe. In iska ta shiga, komai ƙanƙantarta, famfo zai yi ta matsa ta a banza, mai ba zai isa ba, injin ya yi ta gurnani ya ƙi tashi. Maganinsa cire iskar, abin da makanikai ke kira bilidin. Za ka sassauta ɗan notin da ke saman filta, ka yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare mai zalla ya fito, sannan ka ɗaure. Ka maimaita a babban famfo. Daga nan ka sassauta bututun nozul, ka murza makulli har su tofo mai, ka ɗaure, sai injin ya kama. Injin da ake kula da shi, sai an canza masa filta ake wannan aikin. Ni kuwa kusan kullum da shi nake karya kumallo.

Dalili shi ne hukuma ba ta ba da mai. Duk wanda yake buƙatar jirgi, shi zai zo da gas ɗinsa a jarka, ko mutum ɗaya ne ko masu zuwa kasuwa da suka yi karo-karo. In an dawo kuma sai mai jarka ya tsaya a ba shi ragowarsa. Haka na tarar ana yi, kuma ba wanda yake ganin aibunsa, don ɗan abin da ya rage zai tayar da injin ban-ruwa ko a kai wa mai niƙa. Tankin ba shi da famfon zuƙewa, saboda haka sai an zare tiyon da ke ƙarƙashinsa a tara jarka. Ni nake zarewa da hannuna don kada su yage mini shi. Kullum jirgi yana kwana da tanki fayau, tiyo cike da iska.

Na yi magana har na gaji. Na ce a riƙa bari ko kwalba guda ce ta kwana a ciki. Kowa ya ce gaskiya ne, amma man wa za a bari? Mutum ɗaya ne ya mayar da abin wasa, shi ne Idi. Manomi ne, magidanci mai 'ya'ya ƙanana, kuma ba ya ganina bai tsokane ni ba. Injin jirgin yake kira tsohuwata. In ya same ni durƙushe ina danna famfo sai ya ce, "Malam Habu, yau ma tsohuwar taka sai an yi mata tausa za ta tashi?"

Notin saman filta ba a yi shi don buɗewar kullum ba. A hankali haƙoransa suka cinye, har ya zamana ina ɗaure shi ina addu'a. Na je sakatariya na sami shugaban sashenmu, na roƙi sabon kan filta da ɗan famfo da za a sa wa tanki. Ya saurare ni da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya ce, "Habu, jirgin nan ko a kasafi babu shi. Albashinka ma da ƙyar muke kare shi. Ka lallaɓa dai." Na dawo na ci gaba da lallaɓawa.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, kuma ba ranar kasuwa ba. Kafin nan da kwana ɗaya, Malam Sani, yayan Idi, ya ɗauki jirgi ya kwaso takin zamani daga tsallake, da muka dawo na zare tiyo na ba shi ragowar mansa kamar kullum. Da na ga ba wanda ya yi maganar tafiya, sai na yi sammako zuwa 'yar gonar da aka ara mini, can bayan gari, ina maimai. Hantsi ya ɗaga sai ga mutum a guje yana ƙwala mini kira. Maciji kumurci ya sari Idi a gonar masara. An ɗaure ƙafar, an ɗura masa jiƙo, abin ya ƙi, yanzu suna bakin ruwa.

Tun daga nesa na jiyo abin da ya tsinka mini zuciya: ƙarar sitata mai tayar da injin, tana juyawa a gajiye. Ashe Malam Sani ya je gidana ya karɓi makulli a wurin maiɗakina, ya juye man da ya ɗauka jiya, ya ƙara da wani da ya aro, ya hau murzawa. Ya sha ganina ina murza makulli jirgi ya tashi. Abin da nake yi kafin nan, a durƙushe, bai taɓa zama aikinsa ba.

"Malam Sani, saki makullin nan!"

"Na zuba mai, Malam Habu! Wallahi na zuba, duba ka gani!"

"Na san ka zuba. Saki kawai."

Na faɗa cikin jirgi riƙe da sifanar kwance noti. Na sassauta noti, na hau danna famfon hannu. Kumfa ta yi ta fitowa, fara fat, kamar ba za ta ƙare ba. Mutane sun yi cincirindo a kaina, kowa na faɗin albarkacin bakinsa, wani na cewa a tura jirgin kamar mota. Da mai zalla ya fito na sa sifana zan ɗaure, sai notin ya juya, ya sake juyawa, bai kama komai ba. Haƙoran da suka rage sun tafi. Na zauna daɓas ina kallonsa.

Na ce a miƙo mini buhu da sabulu. Na zare zare daga buhun, na naɗe notin, na shafe shi da sabulu, na mayar a hankali har ya ɗan tsaya. Ina cikin haka aka sauko da Idi daga amalanke aka kwantar da shi a gaɓa, kusa da ni. Idanunsa suna rufewa da kansu, yana ɗaga gira da ƙyar don ya gani, yawu na dalala ta gefen bakinsa. Ya dube ni, harshensa ya yi nauyi, ya ce, "Tsohuwar taka ta ƙi ko?"

Na ce, "Yanzu za ta tashi, Idi."

Na gama da babban famfo, na sassauta bututun nozul, na murza makulli. Sitata ta juya sau ɗaya kamar mai ciwon baya, sannan ta yi ƙas, ta yi shiru. Batir ya mutu. Duk ƙarfin da zai tayar da jirgin an ƙarar da shi a kan iska kafin in iso.

Akwai wani masunci, Ɗanlami, da kwalekwalensa a ɗaure a gefe. Hadari ya haɗo daga gabas, iska na turo ruwa zuwa wajenmu, wanda zai tsallaka da filafili sai ya yi da gaske. Malam Sani ya riƙe mini hannu.

"Ka gaya mini gaskiya. Mu jira ka, ko mu tafi?"

A duk shekarun aikina ba a taɓa yi mini tambayar da ta fi wannan nauyi ba. In jirgi ya tashi, kafin kwalekwale ya ci kwatan hanya na kai su. In bai tashi ba, na zaunar da mutum yana mutuwa a gabana. Na dubi notin da zare da sabulu suke riƙe da shi, na ce, "Ku tafi. In ya tashi zan cim muku."

Suka tafi su uku. Liman ne ya tuna da batirin lasifikar masallaci, ya sa aka kwanto shi aka kawo a ka. Na haɗa waya, na murza. Nozul suka tofo kumfa, sannan mai. Na ɗaure, na sake murzawa. Injin ya yi tari, ya mutu. Na sake sassautawa, na sake dannawa, babban yatsana har ya daina jin komai. A karo na gaba ya kama, ya turnuƙe mu da baƙin hayaƙi. Bakin ruwa ya kaure da kabbara. Maza kaɗan suka faɗo ciki, na ba shi wuta iya ƙarfinsa.

Mun kusa tsakiyar ruwa na hango kwalekwalen. Da farko na yi murna da ganin yadda muke cim masa da sauri. Sai na lura ba mu kaɗai muke matsowa ba. Kansa wajenmu yake kallo. Ɗanlami yana tuƙi a hankali, ba irin tuƙin mai sauri ba, Malam Sani kuma yana zaune daga shi sai singileti, ya tuɓe rigarsa ya lulluɓe ƙaninsa da ita har fuska.

Ban iya kashe injin ba, don ina tsoron in na kashe ba zai sake tashi ba. Haka muka yi ta salati muna ɗaga murya a kan ƙararsa, shi kuwa yana bugawa lafiya lau, yadda bai taɓa yi mini ba. Muka ɗaura kwalekwalen a bayan jirgi, muka jawo shi gida cikin yayyafi.

Na kai rahoto sakatariya. Shugaba ya yi addu'a, ya ce za a duba. Mutanen gari suka ce kwanan Idi ne ya ƙare, kuma na yarda, ba mai wuce ranarsa. Amma na daɗe in na ɗauki sifana sai in tuna da Idi. Abin da na koya a aikin nan, ku riƙe shi: gyaran da muke yi a injin ƙaramin abu ne. Abin da yake lalata shi yana can waje, a gidajen mutane da ofisoshinmu, kuma ba sifanar da take kaiwa can. Kada kuma ku ɗauka rashin sani ne. Bayan wannan rana babu babba babu yaro a Kwarin Ɗinya da bai san abin da zare tiyo yake jawowa ba.

Ranar sadakar uku dangi suka zo daga tsallake. Malam Sani ya sayar da akuya ya sayo gas, na yi ta jigilar masu ta'aziyya tun safe. Bayan la'asar na sauke na ƙarshe na dawo, na ɗaure jirgi. Da na ɗago sai na gan shi tsaye a gaɓa, idanunsa jawur, da jarka a hannu. Ya kasa haɗa ido da ni.

"Malam Habu," ya ce, "ka san yaran nan yanzu a wuyana suke. Gobe za a kai musu niƙa."

Na so in yi masa ihu. Na so in ce ya dubi ruwan nan ya tuna. Amma na san ya fi ni tunawa, kuma na san hatsin marayun ba zai niƙa kansa ba. Na karɓi jarkar, na durƙusa, na zare tiyon. Muna tsaye mu biyu muna jin man yana tsiyaya, har ya koma ɗiga, har tankin ya yi shiru.