Zuciyar Tafasa

Kafintan layinmu da wuya a sami mai tuna sunansa na yanka, Tafasa kowa ke ce masa. Tun yana saurayi, in ƙusa ta lanƙwashe sai maƙwabta sun ji. Amma ƙofar da ya kafa ba ta ƙara, shi ya sa ake shanye faɗansa a dawo. Matarsa kuwa ta daɗe da daina jin hayaniyar, kamar mai gida a bakin titi da ƙarar motoci.

Da tsufa ya zo, faɗan ne ya fara raguwa. Sai ya ɗauko masifa, numfashi ya yanke masa a tsakiya, ya dafa teburin aiki yana haki. Maƙwabta suka ce ya shiryu. Ita kaɗai ta tsorata, ta tisa shi gaba zuwa asibiti.

Likitar, yarinya ce sa'ar autarsu, ta dubi matar ta ce, "Mama, tun yaushe Baba yake fama da zuciya?"

"Ai 'yar nan, da ita na aure shi. Ko ranar ɗaurin aurenmu sai da ya yi faɗa da direba."

Likita ta danne dariyarta da ƙyar, ta ce ta cikin ƙirji take nufi. Wata ƙofa ce a zuciyar ta ƙage, jini ba ya wucewa sosai, in aka bar ta haka abin ba zai yi kyau ba. Tafasa ya tambaya ko ba a ɗan ɗiga mata mai. Aka ce a'a, sauya ta za a yi. Akwai kuma bincike da suke gudanarwa: wasu a buɗe musu ƙirji yadda aka saba, wasu a zura sabuwar ƙofar ta jijiyar cinya. Kwamfuta ce ke jefa ƙuri'a, don kada son ran likita ya shiga. In bai so shiga ba, za a yi masa aikin da aka saba.

"Ƙuri'a? A kan ƙirjina?" Ya jawo hularsa ya fice. Ya yi zuciya da binciken, da asibitin, har da magungunan.

Matar ta lallashe shi, ta turo 'ya'ya, duk a banza. Ran nan ta leƙa shago ta tarar da shi zaune cikin garin katako, ya kasa ɗaga zarto. Nan ta yi abin da ba ta taɓa yi ba.

"Malam, tsoro kake ji, ka faɗi gaskiya! Ka gama cika min kunne shekara da shekaru, yanzu kuma ka bar ni da shiru? Wallahi ban yarda ba!"

Washegari shi ya riga ta sa takalmi, ya kuma ce a jefa ƙuri'ar. Ta faɗo a kan jijiyar cinya.

Bayan an fito da shi daga ɗakin tiyata, ta same shi kwance lamo. Ya yi wa nas godiya. Ya dubi matarsa ya ce, "Sannu, kin sha wahala da ni." Ta bi likita har baranda.

"'Yar nan, ƙofa kuka ce za ku sauya. Me kuma kuka cire masa?"

Likita ba ta kai ga amsawa ba, muryarsa ta taso daga ɗakin: wane maras kunya ne ya haɗa wannan durowar gefen gado a karkace? Ya ja zancen tiryan-tiryan, ya haɗa da wanda ya saye ta da wanda ya karɓa, bai tsaya jan numfashi ko sau ɗaya ba.

Matar ta lalubi benci ta zauna, ta rufe fuska da mayafi tana kuka. Nas ta zo za ta shiga ta ce ya rage murya, matar ta riƙo hannunta.

"Ƙyale shi, 'yata. Bari in ji."